Fomalin a ɗakin gyaran gashi da cikin sabon kabad: kurakuran da muke yi a Makka da Jidda

Wata ranar Alhamis na shiga wurin ƙanwata a Shari' Mansur da ke Makka, na tarar tana yi wa wata amarya gyaran nan na miƙar da gashi da ake kira burotin. Taga a rufe, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana aiki, ta toshe ƙasan ƙofa da tawul don kada warin ya kai falo. Duk sanda ta matse gashin da ƙarfen zafi sai wani farin tururi ya tashi, idanunta kuwa sun kaɗa jawur, hawaye na bin kumatunta. 'Yarta mai shekara biyu tana barci a kan katifa a gefe. Na ce, "Ke, wannan abin fa?" Ta ce, "Yaya, haka yake yi, ni ai na saba."

Abin da ke tashi a tururin nan sunansa fomaldihaid. Iska ce marar launi mai yaji a hanci. Idan aka narkar da ita a ruwa, kamar kashi 37 cikin ɗari, ita ce fomalin da asibitoci ke adana tsoka da gawa a ciki. A shekarar 2004 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta ƙuryar hanci inda ya haɗu da maƙogwaro. A 2009 ta ƙara da sankarar jini. Yawancin hujjojin daga ma'aikata aka samo su, irin na masana'antu da masu gyara gawa a ƙasashen Turawa, mutanen da suka yi shekaru suna shaƙa. Wato amaryar da aka yi wa sau ɗaya ba ita ce a gaba ba. Wadda ke tsaye a kanta, yau da gobe da jibi, ita ce abin ji.

Kuskure mafi girma shi ne wannan "na saba". Hanci ne yake gajiya ya daina kawo ƙara, iskar kuwa tana nan tana cin fatar cikin hanci da maƙogwaro. Idan ido na yaji, murya na dushewa bayan aiki, ko tari ya ƙi tafiya, to abin da ke ɗakin ya wuce kima, ko kina jin wari ko ba kya ji. Ga mai asma abin ya fi muni.

Sai yarda da rubutun jikin kwalba. Ƙanwata ta ɗauko tata ta nuna mini inda aka ce babu fomaldihaid a ciki. Na juya bayanta, ga methylene glycol a jerin abubuwan haɗi. Shi ne fomaldihaid ɗin bayan ya shiga ruwa, da ya ji zafin ƙarfe sai ya koma iska. Tun a 2011 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ta auna iskar wasu shagunan gyaran gashi ta samu ya haura ƙa'ida, alhali kwalaben suna cewa babu. A duba sunayen formalin, methanal da methylene glycol. Man gashin da aka ɗuro miki a roba ba suna ba lamba, ko aka ce wata ce ta taho da shi daga waje, ki bar mata kayanta komai arharsa. Kuma duk man da ya sa ki hawaye a kan aiki ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa leƙa ɗakin kitso ba. Yawancin kabad da gado da kantocin kicin da muke saye ba katakon icce ba ne, garin katako ne aka matse da gam, kuma gam ɗin yana fitar da wannan iska a hankali, ya fi yi a watannin farko. Zafi da danshi suna ƙara masa ƙarfi, Jidda kuma ta haɗa duka biyun. An ga misalinsa a Amurka bayan guguwar Katirina ta 2005, da aka zuba waɗanda suka rasa gidaje a ƙananan gidajen tirela masu irin wannan katako a yanki mai zafi, mutane suka yi ta kukan ciwon kai da ƙunar ido, da aka auna aka samu iskar ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada fomaldihaid ya wuce miligiram 0.1 a kowace mita ɗaya ta cikin ɗaki, tsawo da faɗi da tsayi.

Mu kuwa me muke yi? A jera wa amarya kaya sababbi fil, a rufe ko'ina ruf, a kunna mukayyif, a ce ɗaki ya yi daɗi. Mukayyif yana da amfani, domin sanyi yana rage abin da katakon ke fitarwa. Amma irin wanda ake maƙalawa a bango iskar ɗakin yake juyawa, ba ya shigo da sabuwa. Gyaran ba ya cin ko riyal ɗaya. Bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, a wangale taga biyu masu kallon juna na ɗan lokaci, a sake da dare. Sabon kabad a bar ƙofofinsa da durowoyinsa a buɗe na wasu makonni, in da hali a ɗakin da ba a kwana, kuma kada a sa jariri kusa da shi. Wanda ya tafi gida hutu ya bar ɗakinsa a kulle cikin zafin Agusta, in ya dawo ya fara buɗe tagogi kafin ya shigo da yara.

Nan zan taɓa abin da ni ma nake ƙauna, turaren wuta. Da mun ji warin sabon katako sai mu ɗauko kasko. Ƙamshin yana rufe warin ne kawai, kuma hayaƙin kansa yana ɗauke da fomaldihaid, kamar yadda hayaƙin taba da shisha suke ɗauke da shi. Ba na cewa a daina turare. A sa shi taga a buɗe, ba a ɗakin da yara ke barci ba. Yankakkiyar albasa ko tukunyar shuka da ake ajiyewa a kusurwa don zuƙe warin ba sa tsinana komai. Sabbin tufafi, musamman yadin da ba ya yamutsewa, a wanke kafin a sa.

'Yan'uwanmu kafintoci da masu aiki a gonakin kaji, inda ake feshin fomalin, da ɗaliban likitanci, nasu kuskuren takunkumi ne. Shuɗin nan na asibiti iskar ratsa shi take yi kai tsaye. Na ƙura yana tare garin katako, amma ba ya tare iskar. Sai mai matatar da aka rubuta cewa ta fomaldihaid ce, da tabarau mai rufe ido, da safar hannu ta robar da ake kira naitiril. Fanka mai zuƙe iska waje ta fi duk waɗannan.

Kada a kuskura a ɗura fomalin a robar ruwan sha. Kamarsa ɗaya da ruwa, kuma abin da bai wuce mililita 30 ba, babban cokali biyu ke nan, yana iya kashe babban mutum. In wani ya sha, kada a tura masa yatsa ya yi amai, domin zai sake ƙone hanyar da ya bi. A kira motar asibiti a 997, ko layin ma'aikatar lafiya 937, kuma kada tunanin takardun zama ya sa a yi jinkiri. In ya fallatsa a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15. Wanda kuma ya daɗe a irin wannan aiki, in ya ga kumburi a wuya da bai tafiya, ko kunne ɗaya ya toshe, ko haɓo yana yawan zuwa, ya je wurin likita ya faɗi sana'arsa da bakinsa, ko ba a tambaye shi ba.

Ƙanwata ba ta bar sana'ar ba, da ita take biyan haya. Ta dai zubar da wancan man, ta koma kitso da lalle da gyaran da ba ya buƙatarsa, ta rasa wasu masu zuwa wurinta, wasu suka zauna. Yarinyar kuma yanzu wurin maƙwabciya take yini duk ranar da akwai aiki.