Kurakuran da sababbin iyaye ke ta maimaitawa a kan jarirai

Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya yana yawo daga ɗakin wannan mai jego zuwa na waccan. Yarinya ta haihu lafiya, jariri ya zo da ƙoshin lafiyarsa, sai a taru a kanta da shawarwari, kowa da tasa, kafin wata biyu an jefa yaro cikin wahalar da ba da ita ya zo duniya ba. Kuma duk da sunan ƙauna ake yi, shi ya sa hanawar take da wuya.

Zan fara da ruwa, don shi ne ya fi ci mini rai. 'Yar'uwa, jaririn da bai kai wata 6 ba ba ya buƙatar ruwa, ko da zafin gari ya kai inda ya kai. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon da ke jikinki ruwa ne. Wanda ke fara fitowa idan ya kama tsararo ne, shi ke kashe masa ƙishi, na bayansa kuma mai maiƙo ne, shi ke ƙosar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsaya a kan nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2 ko fiye. Magani da ɗigon rigakafi ne kaɗai aka yarda su shiga bakinsa.

Ni na ba ɗana na fari ruwa. Wata babba ce ta dube ni ta ce, "Ke wace irin uwa ce, ɗan mutum ya rayu ba ruwa?" Kunya ta kama ni, na ɗauko cokali. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, ruwan nan ya cika shi, sai ya rage tsotso. Da ya rage tsotso nono ya ja baya, domin jiki yana yin nono ne daidai da yadda ake janye shi. Aka ce nonona ba ya isarsa, aka kawo madarar gwangwani da fida. Daga nan gudawa ta sako. Har yau ina ganin fuskarsa: maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma, yana kuka ba hawaye, in na tsunkuli fatar cikinsa sai ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. A asibiti an nemi jijiya a hannu an rasa, a ƙafa an rasa, sai da aka aske gefen kansa aka sa allurar ƙarin ruwa a nan. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma ba na fatan wata uwa ta tsaya inda na tsaya a daren nan saboda cokalin ruwa.

Na san matsalar ba rashin sani ba ce kawai. Yarinya ta san gaskiya, amma ba za ta iya buɗe baki ta musa wa surukarta ko kakar yaro ba. Abin da nake yi shi ne ba na gardama. Cewa nake, "Mama, a asibiti suka hana, amma ranar da ya cika wata shida ke za ki fara ba shi da hannunki." Sannan in sa maigida ya yi wa mahaifiyarsa bayani da kansa, a keɓe, don maganar ɗa ba ta yi wa uwa ɗaci kamar ta suruka. Ku kuma maza, ku daina zamewa kuna barin matanku su kaɗai a wannan fage. Ɗan naku ne.

Maganar "nono ba ya isarsa" ma a daina yanke ta da ka. Kuka ba hujja ba ne, laushin nono ma ba hujja ba ne. Ki duba kunzugu. Idan bayan kwana 5 yana jiƙa shi sau 6 ko fiye a yini da kwana, kuma nauyinsa na hawa a wurin awo, to yana ƙoshi. Jariri kan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar da shi cikin kamar mako 2, wannan ba abin firgita ba ne. Tsotso sau 8 zuwa 12 cikin awa 24 shi ne daidai, kada wani ya ce miki ya cika ci. Yawancin abin da ake kira ƙarancin nono rashin kamu mai kyau ne. Idan kan nono kaɗai yake tsotsa, zai tsage miki shi, ki yi ta cizon leɓe, shi kuma ya tashi da yunwa. Ki jira ya wangale baki, ki jawo shi gare ki, kada ke ki sunkuya masa. Haɓarsa ta taɓa nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shige bakinsa sosai. In kin ji zafi, sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ki cire shi ki sake. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗayan.

Dakashi kuwa, wannan mai kauri rawaya na kwanakin farko, kada a matse shi a zubar. Shi ne kariyar farko da yaro ke samu daga cututtuka, kuma a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, tsirara a ƙirjin uwarsa.

Sai na biyu, wanda nake jin haushinsa ko a bakin wa na ji shi: "Haƙori ne." Yaro na zazzaɓi, haƙori ne. Yana gudawa, haƙori ne. Ya ƙi nono ya yi laƙwas, a ce a bari haƙorin ya fito zai warware. Wallahi wannan kalma ta cuci yara da yawa. Abin da haƙori ke kawowa shi ne dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa mai ruwa. Abin da ke rikita mutane shi ne haƙori kan fara fitowa wajen wata 6, daidai lokacin da kariyar da yaro ya samo daga cikin uwarsa ke raguwa, ga shi ya fara rarumar duk abin da ya gani yana kaiwa baki. Cuta ce ta shigo, haƙori ya ɗauki laifi. Ni ma an taɓa lallashe ni da wannan magana a kan 'yata, ina zaune ina kallon ƙirjinta na lotsawa ciki duk numfashi, ashe ciwon huhu ne. Tun daga nan ma'aunin zafi ba ya barin jakata, kuma ba na auna yaro da bayan hannu.

Ki riƙe wannan da kyau. Jaririn da bai kai wata 3 ba, in zafinsa ya kai 38, asibiti za a nufa a lokacin, ko tsakar dare ne. Ba a ba shi sirof a jira gari ya waye. Haka in ya ƙi kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya farkawa, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau. Numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan ƙasa da wata 2 alamar haɗari ce; ki buɗe rigarsa ki ƙirga da agogo. Idanu da fata su yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauko har tafin hannu da ƙafa, wannan shawara ce mai iya taɓa ƙwaƙwalwa, shanya shi a rana ba ya maganinta.

In gudawa ce, kada ki janye nono, ƙarawa za ki yi. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti daidai da yadda aka rubuta a jikinsa, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar a sake sabo. A haɗa masa da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma a cika kwanakin ko da gudawar ta tsaya. Ragowar maganin yayansa da ke ajiye ba nasa ba ne. Asfirin ba na yara ba ne. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, ni da sirinji nake ja, ban yarda da cokali ba.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Cibiya a bar ta a bushe cikin tsabta, ba a shafa mata komai sai maganin da ma'aikatan lafiya suka bayar, za ta faɗi da kanta. In ta yi ja ko wari, a kai shi. Wankan farko a jinkirta shi zuwa awa 24, sanyi na saurin kama sabon haihuwa. Zuma haramiyarsa ce har ya cika shekara 1. A kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba, kuma ba matashi ko tulin zannuwa kusa da fuskarsa. Katin rigakafi a adana shi, zazzaɓin kwana ɗaya bayan allura ba dalilin fasa ta gaba ba ne. Kada a girgiza jariri don ya ƙi yin shiru. In ranki ya ɓaci, ajiye shi a wuri mai aminci ki fita ki sha iska.

Ita kanta uwar ana mantawa da ita, kowa na kan jariri. Awo ba sai ciki ya tsufa ba, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla sau 8. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi da kumburin fuska ba laulayi ba ne, hawan jini ne mai iya kai wa ga jijjiga, kuma yana iya tasowa ko bayan an sauka. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba a abin da ke kashe masu jego a duniya. In tana jiƙa ƙyalle sharkaf cikin awa ɗaya, ko jiri na ɗibarta, kada a tsaya cewa dauɗa ce ke fita. Maigida, tun ciki na wata bakwai ka san motar da za ta ɗauke ta, ka san wanda zai ba da jini in an nema, ka kuma bar izini a gida cewa ko ba ka nan a tafi da ita.