Yadda dattijo zai bi labarai da rediyo da waya ba tare da an cika masa kunne da ƙarya ba

Salamu alaikum 'yan uwana dattawa na Garwa da Marwa da Gaundare har zuwa Kusuri. Mu da muka tashi tun zamanin Ahijo mun san daɗin jin labari, ana idar da sallar asuba a dama koko sai a murɗa rediyo a ji abin da duniya ta kwana da shi. Yanzu yara sun saya mana manyan wayoyi, Allah ya yi musu albarka, amma wallahi abin da nake gani a majalisu yana damuna, sai ka ga dattijo mai furfura wanda unguwa take jin maganarsa ya ɗauko zancen da wani yaro ya ƙaga a ɗakinsa yana rantsuwa a kai. Shawarata ita ce rediyo ya zama shi ne uban tafiya, waya ta biyo baya.

In za ka sayi rediyo kar ka tsaya kan mai FM kaɗai, ka duba jikinsa ka ga an rubuta SW, wato gajeren zango, shi ne yake kamo tashoshin nesa ko kana ƙauyen da rezo, wato sabis na waya, ba ya kaiwa. Ka sa mai shagon ya kunna maka a gabanka, ka murɗa da hannunka ka ji. Da rana an fi samun tasha a mita 16 da 19, in dare ya yi sai ka koma mita 31 ko 41 ko 49, da yawa ba su san wannan ba sai su ce rediyon ya lalace alhali lafiyarsa lau. In muryar tana shiga tana fita ka samo siririyar wayar wuta mai ɗan tsawo, ka naɗe bakinta ɗaya a kan eriya ɗaya bakin ka rataya a reshen darbejiya ko saman taga, za ka ji bambanci nan take. Amma da hadari ya taso ana walƙiya ka cire ta. Kuma ka nisanta rediyon da cajar waya da irin fitilun nan farare na zamani, su ne suke kawo wannan ƙugin da ke hana ji. Mai sola ko mai caji ya fi sauƙi saboda ranar da babu kuran, wato wutar lantarki, in kuwa mai batir ne kar ka bar batir a ciki in za ka yi tafiya, zafin Maris da Afrilu na Garwa da yake haura digiri 40 sai ya sa ya yi ruwa ya cinye ƙarfen ciki. Lokacin hunturu kuma a rufe shi da ƙyalle saboda ƙura.

Tashoshin Hausa mun san su, BBC ta fara Hausa a 1957, ta Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979 (ita an dakatar da shirye-shiryenta a Maris na 2025, to in ka neme ta ba ka ji ba kar ka zargi akwatinka), RFI ta Faransa kuma a 2007. In sun ce agogon Najeriya da Nijar to namu ne mu ma da Chadi, in sun ce GMT ka ƙara awa ɗaya. Sai dai su yawancin labarinsu na Najeriya ne da Nijar, namu na Kamaru sai abu ya yi girma, shi ya sa dole ka haɗa da tashar CRTV ta yankinka don sanarwar gwamna da farashin auduga da ganin wata da sakamakon wasan ƙungiyar ƙwallon Coton Sport. Ita kuma tashar gwamnati ce, abin da hukuma take so a ji shi za ta fi faɗa. In ka ji bakin nan ka ji wancan sai ka auna da hankalin da Allah ya ba ka.

To sai waya. Ka kira jikanka ka zaunar da shi ya gyara maka abu kaɗan, ya ƙara girman rubutu, ya shiga WhatsApp ya kashe abin nan da yake sauke hoto da bidiyo da kansa, don shi ne yake cinye kiredin da ka sa na jaka guda kafin la'asar. Ya nuna maka yadda ake sa guruf ya yi shiru da yadda ake fita daga wanda aka jefa ka ba da saninka ba. Kar ka bari ya karɓe wayar ya yi shi kaɗai cikin sauri, ka ce ya riƙe yatsanka ka danna da kanka har ya zauna maka.

Inda aikin yake shi ne tantance saƙo. Duk saƙon da ya shigo ka duba samansa, in ka ga 'yar kibiya to wanda ya turo ba shi ya rubuta ba, in kibiya biyu ce a haɗe to ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ka, kamar tsohuwar takardar dala ɗari. Sai ka tambayi kanka waye mai maganar, a wane gari, wace rana. Muryar da ta fara da "jama'a ku yaɗa" babu suna babu rana, ka ajiye ta tukuna. Ku tuna watan Oktoba na 2024 da aka cika wayoyi cewa shugaba Paul Biya ya rasu, wasu har da cewa suna da ɗan uwa a fada, sai ga shi ya sauka a Yawunde ranar 21 ga watan. Yanzu ma har muryar mutum da fuskarsa ana haɗawa da kwamfuta ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, saboda haka "na gani da idona a bidiyo" ya daina zama hujja. Malamai sun sha karanta mana aya ta 6 a Suratul Hujurat kan bincika labari kafin a yi aiki da shi, to waya ma ta shiga ciki.

Amma ba kowane saƙo ne ƙarya ba, kar a ce na ce a yi watsi da komai. Ɗauki maganar madatsar Lagdo da aka gama a 1982, kusan duk damina wajen Agusta da Satumba sai an turo cewa an buɗe ruwa, kuma mun ga abin da ambaliyar 2012 ta yi wa mutanen bakin Binuwai, mun kuma ga wata ambaliyar a Yagwa a 2024. Irin wannan ba a wasa da shi kuma ba a tayar da hankalin mata da yara a kansa. Ka kira wanda ka sani a Lagdo ko wani masunci da yake kwana a bakin kogi, ka tambayi jauro ko lawan na unguwa, ka kunna rediyo ka ji ko hukuma ta yi sanarwa. Sau da yawa bidiyon da ake turowa na wata shekara ne ko na wata ƙasa, ka dubi lambar mota da kayan jami'an da ke ciki za ka gane. In labarin ya tabbata to a lokacin ne za ka buga wa 'yan uwa na ƙauye su kwashe hatsi da dabbobi zuwa tudu.

Hajiyoyi kuma dan Allah, saƙon magani ya fi zuwa muku, a ce a dafa ganye kaza a daina shan maganin hawan jini ko na suga. Kar a ajiye maganin likita saboda muryar wanda ba a san shi ba.

Sai masu kira su ce daga kamfanin waya suke ko daga ofishin fansho, wai kuɗinka sun maƙale ka faɗi lambar sirrinka ta Orange Money ko MoMo. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar wannan lambar. Wani kuma ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar masa, to kar ka yarda da saƙon da ya bayyana, ka duba abin da ke cikin asusunka tukuna. In abin ya rikice maka ka kashe kiran, ka ɗauki katin shaidarka ka je ofishinsu da ƙafarka ko ka tafi da ɗanka, kuma kar a rubuta lambar sirrin a takarda a cusa a bayan waya.