Darasi: Sake Shiga Asusun da Tsaro Mai Mataki Biyu Ya Kulle

Asusun intanet irin na Gmail ko Facebook da aka sa wa tsaro mai mataki biyu kamar ɗaki ne mai kwaɗo biyu. Mabuɗin farko shi ne kalmar sirri, wadda take a kanku. Na biyu yana tare da wayarku: wata lamba ce da ake nema bayan an rubuta kalmar sirri. Amfaninsa shi ne, ko ɓarawo ya san kalmar sirri ba zai iya shiga ba. Matsalar kuma, kwamfutar kamfanin ba ta san fuskar kowa ba. Mai asusun da wayarsa ta ɓata, shi ma za ta tare shi kamar yadda za ta tare ɓarawo.

Kafin komai, ku daina gwada lambobi da ka. Duk gwajin da bai yi daidai ba ana ƙirga shi, idan ya yi yawa sai a dakatar da shiga na wani lokaci, kuma kamfanin ya ƙara zargin cewa ba mai asusun ba ne.

Ta ina lambar take zuwa?

Sai an san wannan kafin a san maganin. Wasu tana zuwa musu ta saƙon tes a layinsu. Wasu suna da manhajar da ke fitar da lamba, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, lamba mai alƙaluma 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30. Wasu kuma ba lamba ake turo musu ba, tambaya ce ke fitowa a fuskar wayar cewa ko su ne ke ƙoƙarin shiga, sai su danna amincewa.

Waya tana hannu, amma lambar ta ƙi

Wannan ne mafi sauƙi. Idan tes ake jira, ku duba alƙaluman ƙarshe na lambar wayar da shafin ya nuna. Sau da yawa tsohon layi ne da aka daɗe da cirewa. Idan layin daidai ne, a tabbatar akwai sabis, a duba wurin da wayar ke ɓoye saƙonnin da ta ɗauka na talla ne, a kashe ta a kunna. Kada a yi ta danna neman sabuwar lamba a jere. Galibi sabuwar tana kashe tsohuwar, sai saƙonni su iso a makare mutum ya rubuta wadda ta riga ta mutu. A nema sau ɗaya, a jira mintuna kaɗan, a rubuta wadda ta zo a ƙarshe.

Idan manhaja ce ke ba da lamba kuma ana ta ƙin karɓa, agogon wayar za a fara zargi. Manhajar ba ta buƙatar data ko sabis, da lokaci take lissafa lambar. In agogon ya yi gaba ko baya da minti ɗaya ko biyu, lambarku ba za ta dace da ta kamfanin ba. Ku shiga saitin kwanan wata da lokaci, ku kunna inda wayar ke daidaita lokaci da kanta. Sannan a lura da sunan da ke saman lambar, domin mai asusu biyu yakan kwafi ta ɗayan bai sani ba.

Waya ta ɓata, ta lalace, ko an goge ta

A nan a bi a hankali, daga hanya mai sauƙi zuwa mai wuya.

Ku fara tunawa ko akwai wata na'ura da asusun yake buɗe a kanta har yanzu: kwamfuta, tsohuwar waya a akwati, ko ta wurin aiki. In akwai, ita ce babbar kadararku. Kada ku fita daga asusun a kanta, kada ku goge tarihin burauza, kada ku ba mai gyara ya wanke ta. Ku shiga sashen tsaro na asusun, ku sa sabuwar lambar waya, ku ciro lambobin ko-ta-kwana. Mai yiwuwa a nemi kalmar sirri kafin a bari ku canza wani abu.

Lambobin ko-ta-kwana su ne waɗanda ake bayarwa domin irin wannan rana. Google yana ba da guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. Facebook ma yana da irinsu. Wanda ya taɓa rubuta su a takarda ya nemo ta. A shafin da ake neman lamba, ƙarƙashin akwatin rubutu, akwai ƙaramin rubutu da ke cewa a gwada wata hanya. A danna shi, a zaɓi lambobin ko-ta-kwana, a rubuta ɗaya, a ja mata layi a takardar.

In tes ne hanyarku, to asusun yana manne da lambar layin ne, ba da ƙarfen wayar ba. Ku je ofishin kamfanin layin da katin shaida, a toshe tsohon sim, a ba ku sabo mai lamba ɗaya. Kada a yi jinkiri. Wanda ya tsinci wayar zai iya zare sim ɗin ya sa a tasa ya karɓi lambobinku, sannan layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sayar wa wani.

Mai manhaja kuwa, sake sauke ta a sabuwar waya kaɗai ba ya dawo da lambobin. Tun 2023 Google Authenticator yana iya ajiye su a asusun Google, amma sai ga wanda ya haɗa manhajar da asusunsa tun kafin wayar ta ɓata. In ba a yi haka ba, manhajar za ta buɗe fayau babu komai a ciki.

Roƙon kamfani ya mayar da asusu

Idan duk waɗannan sun ci tura, sai a bi shafin dawo da asusu na kamfanin kansa. Na Google shi ne g.co/recover. Na Facebook, facebook.com/login/identify, in kuwa sace asusun aka yi, facebook.com/hacked. Na Apple, iforgot.apple.com. Ku rubuta adireshin da hannunku harafi-harafi, kada ku bi wanda wani ya turo.

Abin da kamfanin yake aunawa shi ne kamanceceniya da mai asusun. Saboda haka ku cika a kan waya ko kwamfutar da kuka saba shiga da ita, a wurin da kuka saba, da intanet ɗin da kuka saba. Zuwa shagon kwamfuta a wani gari domin a cika muku yana rage sa'a, gara mai taimakon ya zo ya zauna kusa da ku. In an tambayi tsohuwar kalmar sirri, ku rubuta ta baya-bayan nan da kuka tuna, kuna kula da manya da ƙananan haruffa. Rubuta abin da kuka fi zato ya fi tsallake tambaya. Ku ba da imel ɗin da kuke iya buɗewa yanzu, domin nan amsa za ta zo. Facebook yakan nemi hoton katin shaida: a ɗauka a wuri mai haske, kusurwoyi huɗu su fito, sunan ya yi daidai da na asusun. Mai asusun da ya sa laƙabi ko ranar haihuwar ƙarya a nan yake shan wahala.

Daga nan sai haƙuri. A Google abin yakan ɗauki kwanakin aiki 3 zuwa 5, a Apple yana iya wuce haka. Da gangan ake jinkirin, domin in ɓarawo ne ya nema, mai asusun ya samu lokacin hanawa.

WhatsApp nasa daban ne. Lambar tes mai alƙaluma 6 ita ce matakin farko, na biyu kuma lambar sirri ce mai alƙaluma 6 da ku kuka zaɓa. Wanda ya manta ta, in ya sa imel tun farko, za a tura masa hanyar sakewa nan take. In bai sa ba, sai ya jira kwana 7. Haka ma in ɓarawo ne ya shiga ya sa tasa: da zarar kun rubuta lambar tes an fitar da shi, amma ku ma sai kwana 7 sun cika kafin ku shiga.

Masu cewa za su buɗe muku

Da zarar mutum ya yi cigiya a fili cewa asusunsa ya kulle, za a fara turo masa saƙo: ga ƙwararre, ga ma'aikacin kamfani, biya kaza a buɗe cikin awa ɗaya. Damfara ce. Babu wanda ke da wata ƙofar baya, kuma waɗannan shafukan kyauta ne. Ma'aikacin gaske ba ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo. Ko daga asusun ɗan uwa saƙon ya fito, yana cewa ya tura lambarsa wayarku bisa kuskure, kada ku ba da ita. Lambar asusunku ce, kuma nasa an riga an sace.

Ranar da aka shiga

Wasu suna shiga sai su kashe tsaron gaba ɗaya don haushi. Kuskure ne, abin da ya jawo wahalar shi ne rashin hanya ta biyu. A wannan zaman, ku canza kalmar sirri, ku duba jerin na'urorin da asusun ke buɗe a kansu ku fitar da wayar da ta ɓata da duk wadda ba ku sani ba. Ku duba lambar waya da imel na dawo da asusu, domin ɓarawo yakan bar nasa a can ya sake dawowa. Ku ciro sababbin lambobin ko-ta-kwana, wanda hakan ke kashe tsofaffin, ku rubuta su da biro ku adana tare da muhimman takardunku. Hotonsu a cikin wayar ba ajiya ba ne, tare za su ɓata.

Aikin aji

1. Kowa ya faɗi ta inda lambarsa take zuwa: tes, manhaja, ko tambaya a fuskar waya.
2. Me ya sa manhaja za ta ba da lamba a ƙi karɓa, alhali wayar lafiya lau take?
3. An kira ku an ce daga kamfani ne, ana neman lambar da ta shigo yanzu. Me za ku yi?
4. Ku buɗe sashen tsaro na asusunku, ku duba ko lambar wayar da ke ciki tana hannunku har yanzu. Kada kowa ya nuna wa na kusa da shi kalmar sirrinsa, ko da malami ne.