Kafin ka zuba jika 26 a kan Enchanted by Nature na Sims 4, ga yadda za ka leƙa shi tukuna

Masu buga The Sims 4, wasan kwamfuta na tahiyar da rayuwar mutane, a nan Yamai ba mu da yawa amma muna nan, kuma duk sanda EA, kamfanin da ke da wasan, ta saki sabon ƙari, wato kayan da ake saye a ƙara ma wasan, tambaya guda ce ke yawo tsakaninmu, a saya ko a bari. Wanga karon maganar Enchanted by Nature ce, wanda masu bugawa da faransanci sunka sani da Nature enchantée, ya hito ran 10 ga Yuli 2025, Maxis, reshen EA, ce ta ƙera shi kamar sauran. Kuɗinshi yuro 39,99 ne, kuma tunda yuro guda sefa 655,957 ne ba ya motsi, lissahin ya kama jika 26 da ɗoriya tun banki bai cire nashi ba. Jika 26 kuwa ba abin da mutum zai zubar ba ne don kawai bidiyon talla ya burge shi, shi ya sa nike son in nuna muku yadda ake leƙa abin da kyau ba tare da an kashe ko dala ba, in ban da kuɗin forfe.

Abu na farko da ya kamata ka gane, ɗan'uwa, ƙarin nan abu biyu ne anka haɗe wuri guda, kuma ba kowa ke son duka biyun ba. Akwai ɓangaren aljanu masu fukafukai irin na tatsuniyoyin Turawa, Sim ɗinka, wato mutumin da kake juyawa cikin wasan, na iya zama ɗaya daga cikinsu, ya tashi sama, ya ƙanƙance ya shige ɗan mitsitsin gidanshi, kuma abin da ke ciyar da shi shi ne motsin zuciyar wasu Sims, fushi ko murna ko baƙin ciki. Sai ɓangare na biyu, zaman daji da haɗa magani: Sim ya koyi kwana a ƙasa, ya tsinci abinci a waje, ya yi wanka ba banɗaki, wannan ita ce gwanintar Natural Living, ga kuma ta Apothecary da teburinta na haɗa magunguna, da sababbin cututtuka da ke kama mutane, da aikin Naturopath na mai warkarwa da tsirrai, da wani tsari na sa'a da rashin sa'a. Duk wannan a cikin sabon gari mai suna Innisgreen, mai unguwa 3, Coast of Adhmor ta bakin teku, Sprucederry Grove cikin itatuwa, da Everdew inda aljanun suke.

Ni dai ɓangaren maganin ne ya ja ni. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai saiwoyi a Katako, ya ga yadda yake kwance ƙullin ɓawon itace, ya ɗebi ganyen sabara da yatsa uku ya ƙara bagaruwa ya naɗe a takarda yana gaya maka a jiƙa a sha da sahe, to zai ji teburin nan na Apothecary bai yi mashi baƙo ba. Amma in kai fukafukan ne ke ranka, abin da za ka duba daban ne da nawa, don haka ka tsaida magana da kanka tun yanzu, wane ɓangare nike biya ma kuɗi.

To mu tahi ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Uwar wasan kyauta ce tun 18 ga Oktoba 2022, kuma a cikinta akwai noman lambu, akwai kamun kihi, akwai tsince-tsince na kwaɗi da duwatsu da ganyaye. Ka buɗe sabon wasa, ka yi Sim guda, ka sa shi a hili wanda babu gini a garin Willow Creek na uwar wasan, cikin simoleon 20.000, kuɗin cikin wasa, da ake ba shi kada ka taɓa komi sai na iri da ɗan abin da ya zama dole, sannan ka kunna ma hilin Off-the-Grid, da faransanci Hors réseau, wanda ke yanke wuta da ruwan pampo. Ka zauna da shi sati guda na cikin wasa, yana shuka yana ban ruwa yana cire ciyawa yana kama kihi ya gasa. In ka ga kana jin daɗin wanga zama, kana ƙagara tumatir ya nuna, to rabin ƙarin nan naka ne. In kuwa kwana biyu ka gaji ka koma ka gina mashi gidan bene da talabijin, to ka san gaskiyar ranka, sabon gari ba zai canza ka ba.

Akwai kuma wani wuri ɓoyayye a Willow Creek ɗin da mutane da yawa ba su taɓa shiga ba, Sylvan Glade. Kusa da gidan Crick Cabana akwai wata itaciya babba mai furanni da ta bambanta da sauran, ka sa Sim ya yi ta dubanta, ya ba ta ruwa, ya yi hira da ita, a hankali ƙofa za ta buɗe a gindinta. Cikin wurin haske ne ja-ja mai hazo, ga tabki ga tsirrai. Ka shiga ka daɗe kaɗan, don irin wannan yanayin na almara shi ne anka faɗaɗa a sabon ƙarin, in bai yi maka ba a nan da wuya ya yi maka can.

Sai bidiyo, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Bidiyon talla na EA ka kalle shi sau guda ka wuce, an yanka shi ne don ya yi kyau, da kwamfuta mai ƙarhi anka ɗauka ba irin tamu ba. Bayanshi akwai na masu YouTube da EA ke ba wasan kyauta kafin kowa, waɗanda ke cikin EA Creator Network, su kan faɗi haka a farkon bidiyo ko su rubuta a ƙasa, suna da amfani don za su nuna maka kaya ɗaya bayan ɗaya, tufafi da gashi da kayan gini, amma ka tuna wanda anka ba kyauta bakinshi na da nauyi wajen kushe. Wanda ya hi amfani shi ne na mutumin da ya saya da kuɗinshi ya buga makonni, ka rubuta Sims 4 Nature enchantée avis ko ka ƙara bugs a ƙarshe, ka zaɓi wanda anka ɗora bayan hitowar wasan da daɗewa. Ka sauke ingancin hoto zuwa 360p don forfe ya kai ka, ka tsallake farkon inda ake ta zaɓen launin fukafukai, ka je tsakiya inda Sim ya riga ya kwana biyu a garin. Can za ka lura da abubuwan da talla ba ta nunawa: sau nawa cuta ke kama mutanen gida, tana da daɗin bi ko takura ce kawai, haɗa magani guda na ɗaukar lokaci nawa kuma kayan haɗin ana samunsu kusa ko sai an yi ta yawo, unguwannin akwai mutane na kai da kawo ko kyau ne kawai babu abin taɓawa, kuma shi mai bugawar da kanshi in ya kai bidiyo na biyar har yanzu yana amfani da sababbin abubuwan ko ya koma tsohuwar rayuwa ta zuwa aiki da dawowa. Wannan na ƙarshen a wurina ya hi duk wani sharhi.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Gidajenmu akwai iyaye da ƙanne, kuma ba kowa ke son ganin aljanu da sihiri a allon ɗanshi ba ko da na wasa ne, wannan ra'ayi ne da ya cancanci a girmama. Kana iya buga ƙarin ba tare da Sim ɗinka ya zama aljani ba, amma za ka gamu da su a gari tunda da su anka gina shi. In kwamfutar ta gida ce kowa na taɓawa, ka nuna ma baba ko yaya bidiyon tukuna, ya hi a saya sannan a zo ana cewa a goge. Wasan ma dama na ƴan shekara 12 zuwa sama ne a ma'aunin Turai na PEGI.

In kuma ka gano ciyayi da dabbobi kake so ba almara ba, akwai tsoffin ƙari da sunka hi dacewa. Cottage Living na Yuli 2021 shi ne na kaji da shanu da lama da manyan kabewa a ƙauyen Henford-on-Bagley. Outdoor Retreat na Janairu 2015 ƙarami ne, kuɗinshi rabi, yana da tanti da dajin Granite Falls da haɗa magani da ganye shi ma. Eco Lifestyle na 2020 na masu son hasken rana da tara ruwa da gyaran shara ne. Amma wanda ba shi da Seasons na Yuni 2018, wallahi shawarata ya fara da shi, don ruwan sama da sanyi da zahi da tsirrai masu bin lokacinsu su ne ke sa kowane lambu a Sims ya yi rai, har na Innisgreen ɗin. Kuma tsoffin nan su ne ake yawan karya ma kuɗi lokacin rangwame a Steam da EA app, shagunan sayen wasa na intanet, wani lokaci har rabi, sabo kuwa sai ya ɗan kwana biyu.

Yanzu mashin ɗinka. Wasan ba ya tahiya a waya, na kwamfuta ne da PlayStation da Xbox. A kwamfuta EA na neman Windows 10 mai 64 bit da RAM giga 4 a ƙalla, amma 8 sunka ba da shawara, kuma gaskiya da 4 in ka tara ƙari biyu uku za ka sha jira. Wuri a diski giga 25 ne mafi ƙaranci, 50 ya hi kwanciyar hankali. Gwajin mai sauƙi ne, ka kai Sim wurin da itatuwa sunka yi yawa a garin da kake da shi, ka juya kyamara da sauri, in hoto na tsayawa yana katsewa to gari mai cike da ganye da walƙiyar fukafukai zai hi wahal da shi. Ka shiga saitin hoto ka kunna Laptop Mode ka sake gwadawa. Ga zahin Yamai kuma, watan Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, kada ka aza kwamfuta a katifa ko a cinya, ka ɗaga bayanta da wani abu iska ya shiga, fanka na kaɗa ta.

Wajen saye kuskure guda ne ke cin kuɗin mutane, sayen ƙari a wani wuri daban da inda uwar wasan take. In ka sayi ƙari a Steam to sai uwar wasan ta Steam, wanda ka saya a PlayStation kuma ba ya bin ka zuwa kwamfuta. Katin Visa na zuba kuɗi da bankuna ke bayarwa yana yi, ka dai zuba da ɗan ƙari saboda kuɗin canji. Masu tallan lambar wasa da arha a intanet, da masu zuba maka duka ƙarin a kile USB da jika guda, ni ba na ba kowa shawararsu, na farko ana iya kashe lambar bayan ka biya, na biyu kuma ba ka san me ya biyo shi cikin mashin ɗin da hotunanka da takardunka suke ba. Steam na da wata dama mai kyau, ana iya neman a maido kuɗin ƙari cikin kwana 14 in ba ka buga wasan ya kai awa 2 ba tun da ka saya, sai dai in an rubuta a shahin cewa wannan ba a maidowa, don haka ka karanta kafin ka danna.

Ranar saukewa ka yi shiri. Kowane sabon ƙari na zuwa ne bayan mizajur ta uwar wasan, kuma sau da yawa ita ce ke cinye giga, don haka ka bari sai dare in rezo ya saki, batir cike, saboda in kuran ya tahi tsakiyar aiki kada mashin ya mutu. Kafin komi ka shiga Documents, Electronic Arts, The Sims 4, ko Les Sims 4 in da faransanci ka sa shi, ka kwashe dosiyen saves da na Tray ka aje kwafi a kile. In kana da mods, wato ƙare-ƙaren da masu bugawa ke yi da kansu, ka hidda dosiyen Mods gaba ɗaya zuwa wani wuri, ka goge localthumbcache.package, wasan zai sake yin sabo da kanshi. Rabin kukan da ake yi wai sabon ƙari ya ɓata wasa tsohon mod ne da ba a sabunta ba.

Kuma kada ka kai tsohon iyalinka da ka yi shekara kana reno Innisgreen ranar farko. Ka buɗe sabon wasa da Sim na gwaji, ka duba agogo, cikin awa da rabi ka zaga unguwannin nan 3 ka ga ko mashin na ɗauka, ka sayi teburin magani ka haɗa ko guda, ka kwana dare ɗaya a waje. In ya yi maka sai ka maido iyalinka da mods ɗaya bayan ɗaya, in bai yi ba ka rufe wasan tun awa 2 ba ta cika ba ka je shahin taimako na Steam ka nemi kuɗinka, in dai a Steam ka saya.