Yadda nake tantance labarin kimiyya kafin in tura wa wani

A watan Yulin 2023 wani abokina na fada ya turo mini bidiyo: wani ɗan baƙin dutse ya ɗaga gefe guda a kan maganaɗisu. Wai masana a Koriya ta Kudu sun haɗa wani abu, LK-99, da lantarki ke ratsawa ba asara ko kaɗan, kuma ba sai an sanyaya shi ba. Ni da ke koyar da fizik a lise nan Maradi, ko shayina ban shanye ba na tura wa ɗalibaina. Kafin Agusta ta ƙare, ɗakunan gwaji a Sin da Jamus sun haɗa nasu, abin bai yi ba. Ashe gurɓatar jan ƙarfe da farar wuta ce ta ruɗi mutane. Da aka koma lakwal sai da na tsaya gaban allo na janye maganata.

Tun ran nan ga yadda nake yi.

Da farko ka nemi inda labarin ya fito. Buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike na masana, a salularka, ka rubuta sunan mai binciken. In aikin yana cikin mujallar kimiyya, to wasu masana sun tace shi kafin a buga. Takardun LK-99 a arXiv aka fara zuba su, rumbun da ake ajiye aiki tun ba a tace ba. He Jiankui kuwa, ɗan Sin da ya sauya ƙwayar gadon ƴan tayi da dabarar CRISPR har aka haifi tagwaye mata, a YouTube ya yi shelarsa a Nuwamban 2018. Ƙarshenta ɗaurin shekara 3 aka yanke masa.

Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ya maimaita? Nan nake ɓata lokaci. Dubi ƴan faifan tangaran da ke riƙe da wayoyin kuran a kan fal-fal. An sa su ne don tangaran ba ya barin wuta ta wuce. Shi ya sa a 1986, da Georg Bednorz da Alex Müller na kamfanin IBM a Zurich suka ce wani tangaran da suka gasa yana wuce da lantarki ba turjiya in an sanyaya shi zuwa wajen digiri 238 ƙasa da sifili, maganar ta yi kama da tatsuniya. Sai dai sun faɗi abin da suka haɗa da yadda suka gasa. Masana a Japan da Amurka suka gwada, ya yi. A 1987 aka samu wani ɗan'uwansa mai aiki a wajen digiri 180 ƙasa da sifili, sanyin da ruwan naitrojin mai arha ke iya kaiwa. A shekarar aka ba su biyun kyautar Nobel. Don haka bayan sunan binciken, ƙara kalmar "réplication", wato maimaita gwaji, ka duba waɗanda suka ambace shi daga baya. In labarin sabo ne fil, ka ba shi wata guda. Ba ya rubewa.

In binciken halayyar ɗan Adam ne, ka ƙirga mutanen da aka gwada, ka ga ko su wane ne. Sau da yawa ɗaliban jami'ar Turai ko Amurka ne ƙalilan, sai a ce "haka mutane suke", kamar an tambayi mai sayar da ƙuli-ƙuli a babbar kasuwa. A 2015 wata tawagar masana ta sake gwada bincike 100 na wannan fanni, waɗanda suka ba da irin sakamakon farko ba su kai rabi ba, alhali duk a manyan mujallu aka buga su.

Sai ka gwama kan labarin da abin da aka yi a zahiri. Kwanan baya innata, mai jika da ciwon sikila, ta ce ta ji ana gyara jinin yaro tun yana ciki. Na ce, "Inna, ba haka ba ne." Maganin sikila na Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 don masu shekara 12 zuwa sama, ƙwayoyin da ke samar da jini ake cirewa daga jikin majinyaci, a gyara, a mayar masa. Ba a taɓa ɗan tayi, ƴaƴan majinyacin kuma za su iya gadon ƙwayar sikilar. Ta yi shiru, ta ce to in faɗa wa ƙanena ya je gwajin jini kafin a kai kuɗin aurensa.