In sun sauke maka labari da sunan haƙƙin mallaka, ga abin yi

'Yan uwa marubuta na unguwannin Nima da Mamobi a Accra, tambayar nan ta yi yawa a inbos ɗina, admin ɗin shafin da kake ɗora labarai ya cire labari ba cikakken bayani, ka yi magana shiru kamar an shuka dusa. To ga matakan.

1. Ɗauki sikirinshot na saƙon da suka turo, har da ranar.

2. Kwafe sauran labaranka ka ajiye a waya ko Google Drive.

3. Tara shaidar cewa naka ne, littafin da ka fara rubutawa da biro, tsohon saƙon WhatsApp mai kwanan wata.

4. Tura musu imel ɗaya tak, ka tambayi wa ya kai ƙara kuma kan wane babi. Banda zagi don Allah.

Hattara: kar ka sake ɗora labarin da wani suna, nan mutane ke rasa akawun gaba ɗaya.

5. In shafin na Amurka ne yana bin DMCA, dokar haƙƙin mallaka a intanet ta 1998, tura takardar kare kai da sunanka na gaskiya da adireshi da lambar waya.

Ka sani za a miƙa wa mai ƙarar bayanan nan, kuma rantsuwa ce, in kwafowa ka yi kar ma ka fara.

6. Jira kwanakin aiki 10 zuwa 14, in mai ƙarar bai je kotu ba sai a mayar da labarin.

7. Yi wa labarinka rajista a ofishin haƙƙin mallaka na Accra, dokar Gana ta 2005 ta ba da dama.