Yadda za ka kama kanka daga jaraba a wannan Legas ɗin

'Yan'uwa cikin Almasihu, abu na farko ka san lokacinka. Kowa yana da awar da yake da rauni, kuma Shaiɗan ya riga ka saninta. A gida in ka yi latti a sujada kafin yamma mama ta ji labari, amma nan wa ya san ka? Ka tashi ƙarfe 4 ka bi motar danfo daga Agege, gosulo ya cinye maka awa 3, ka dawo a gajiye ɗaki ba kowa sai kai da waya da data, to nan ne wajen.

Ka duba Dauda a 2 Sama'ila 11. Ba a bakin daga ya faɗi ba fa, lokacin da sarakuna ke fita yaƙi shi ya zauna Urushalima, da yamma yana ɗan yawo a kan soro ya hango Batsheba tana wanka. Hangen ba shi da laifi, tsayawa da aika a tambayo wace ce ita shi ya jawo komai har jinin Uriya mijinta. Kai ma ka gano naka soron. In waya ce bayan sha ɗayan dare, ka sa ta caji nesa da katifa. In shagon cacar betin ne da ke kan hanyarka ranar albashi, canza hanya ko da za ka ƙara kuɗin mota, kuma ka fara tura na gida da zakka kafin kuɗin su kwana a hannunka.

Kada ka tsaya gwada ƙarfi. Yusufu riga ya bari a hannun matar maigidansa Fotifar da ta neme shi da lalata, ya ruga waje, ni ban ga inda ya tsaya yi mata wa'azi ba.

Addu'a kam kar ka bari sai dare, barci zai sace ka kamar su Bitrus a Getsamani. Cikin mota ma ana yi, aya ɗaya ta ishe ka juyawa har ka sauka Obalende.

Sannan ka nemi cocin da ake sujada da Hausa, ECWA ko COCIN ko wacce ka taso ciki, ka kama dattijo ɗaya wanda ba ya yawo da magana, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka duk Lahadi, baba ya ji gaskiya ko da kunya za ta kashe ka.